Taguwata a Bakin Rijiyar Awo

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya halicci mai magana da marar magana, ya ba kowanne ciki, ya kuma rufe cikin da fata. Ku matso kusa, ku da kuka sauke kaya, da ku da kuke jiran iska ta juya jirage su tashi. Ni ne Arzika ɗan Nomau, mutumin Tsaunin Kurciya can gabas, inda ba wanda ya taɓa takawa a cikinku. Kun sha tambayata abin da ya kawo mutumin tudu bakin teku yana ɗinkin taru da hannun da bai iya ba. Yau zan gaya muku, amma wanda ya san zai katse ni gara ya tashi tun yanzu.

Ubana ma'aunin hatsi ne a kasuwar garinmu. Na tashi ina ganin komai yana shiga mudu, gero da dawa da wake, har na ɗauka babu abin da Allah ya yi wanda ba shi da mudunsa. Wata rana wani falke mai ido ɗaya ya sauka a rumfarmu, ya ce a bayan Farin Fili akwai birnin da ake auna jin daɗi yadda muke auna gero, kuma da awon nan suke yanke kowace shari'a. Mutane suka yi ta yi masa dariya. Ni ban yi ba. Maganar ta shige ni kamar ƙaya a tafin ƙafa, in na taka nan ta soke ni, in na taka can ta soke ni. Da ubana ya rasu sai na bar wa ƙanwata gida da gona, na ce mata ina zuwa, na ɗaura wa taguwata sirdi na fuskanci yamma.

Bari in gaya muku ko wace ce taguwar nan, don labarin nata ne, ni ɗan rakiya ne. Doguwa ce, ja, leɓenta na ƙasa kullum a sake, sai ka ce yanzu aka gaya mata maganar banza. Tun tana ƙarama take hannuna, kuma ban taɓa ganin halitta mai ƙorafi irinta ba. In ka ɗora mata kaya ta yi ruri, in ka sauke ta yi ruri. In ka zuba mata harawa ta ci tana gurnani tana hararar ka. Shi ya sa na sa mata suna Mita. Ta cije ni, ta tofa mini, ta taɓa kayar da ni cikin sarƙaƙiya da gangan. Duk da haka ina son ta fiye da yawancin dangina, kuma ban taɓa ɓoye musu ba.

Muka wuce garuruwan da na san sunansu, muka wuce waɗanda ban sani ba, har muka iso Farin Fili. Gishiri ne shimfiɗe iyakar ganinka, ba itace, ba tsuntsu, ba ko ƙuda. Samansa da tauri, amma ƙarƙashinsa a wurare da yawa baƙar laka ce mai haɗiye ayari da kayansa. Iskar wurin kuma magana take yi, da muryar mamatan mutum. Ruwan salkata ya ƙare, harshena ya kumbura, sai wata rana da tsakar rana na ji muryar ubana daga hannun dama, sak yadda yake kirana daga rumfa.

"Arzika, ina za ka? Ga ruwa nan, zo ka sha."

Na duba, na ga giginyu da tafki yana walƙiya. Na ja akala dama. Mita ta ƙi. Na ja da ƙarfi, na zage ta, ta yi ruri ta kafe. Sai na diro na ce ta zauna nan ta mutu da taurin kanta, na kama hanyar tafkin da ƙafa. Ban yi nisa ba na ji an cafki rigata ta baya, an yi sama da ni an maka da ƙasa. Sandata ta suɓuce ta faɗa daidai inda zan sa ƙafa. Ina kwance ina kallo gishirin ya tsage, sandar ta riƙa nutsewa a hankali har ta ɓace. Na ɗaga kai, babu giginyu, babu tafki. Daga nan na sakar mata akala, na rungume tozonta, ita ta fitar da mu.

Kafin mu hango ganuwar Birnin Ganjara, birnin da falken nan ya faɗa, muka fara jin dariya. Dariya ce ta mutane da yawa, tana tashi tare tana sauka tare, ba ta yankewa. Masu tsaron ƙofa suka tarbe ni da ita, baki a buɗe har kunne, amma idanunsu na mutanen da suka gaji ne. Suka yi ta zagaya Mita suna kallo, don ba su taɓa ganin raƙumi ba. Ita kuwa wahalar gishiri ta cinye mata murya, ko uffan ba ta ce ba, suka bar mu muka shiga.

Abin da na fara lura da shi awaki ne. Suna kan katanga, suna kan rufin ɗaki, suna cin tsaba a faifan masu talla ba mai korarsu. Zabi da kaji ma haka, sun yi ƙiba suna tafe suna taƙama a tsakiyar hanya. Tunkiya kuwa ko ɗaya ban gani ba.

Na sauka a gidan wata tsohuwa mai sayar da ƙosai kusa da dandali, sunanta Gaje. Ta ba ni ruwa rabin ƙoƙo, ta tsaya a kaina har na shanye, sannan ta zaunar da ni ta karanta mini garin. Ta ce rijiya ɗaya gare su, tana tsakiyar dandali, sunanta Rijiyar Awo, kuma tana da kunne. In ta ji dariya da guɗa a cikin ganuwa ruwanta ya hau, in ta ji kuka ya sauka, na mutum ne ko na dabba. Da ita suke sha, da ita suke shari'a. Duk abin da aka rasa yadda za a yi da shi, sai a kai bakinta a zura igiya, wanda ya ƙara ruwa shi ne daidai.

Na ce, "Iya, awakin nan fa?"

Ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa ɗaure akuya? Tun ba ka nuna mata wuƙa ba ta tara maka gari. Wa zai taɓa ta ya jawo wa unguwa ƙishirwa? Tumaki su ne ba sa cewa komai, aka ce ashe ba ya musu ciwo. Mun cinye su tun ina da haƙora."

"In mutum ya yi rashi fa?"

Ta gyara itacen murhu kafin ta amsa. Ta ce akwai kwari can arewa da gari, inda rijiya ba ta jiyowa, ana ce masa Kwarin Kuka. Mai baƙin ciki can yake zuwa ya yi abinsa ya dawo. Ita ma mijinta bai daɗe da rasuwa ba, kullum da la'asar takan je, ta dawo ta wanke fuska, ta tafi bakin rijiya ta yi dariyar unguwarsu, don kowace unguwa da lokacinta, kamar aikin gayya. Tana faɗa tana murmushi. Tausayinta ya kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Sai ta kalli Mita da ke gurfane a bakin zaure tana tuƙa. "Wannan abar taka tana kuka?"

Na ce, "Ba sosai ba."

Niyyata in huta kaɗan, in ga awon nan da idona, in sulale tun muryarta ba ta dawo ba. Amma Mita ba ta taɓa shawara da ni ba. Washegari da hantsi, ta ci harawa ta ƙoshi, ta sha ruwa, ƙarfinta ya dawo. Ta miƙa wuya, ta buɗe bakin nan, ta saki rurin da ta tara tun daga Farin Fili. Zabi suka watse. Daga dandali na jiyo wani irin sauti, kamar ƙaton mutum yana zuƙar kunu, sai kuma salatin mata. Na yi tsalle na rungume bakinta, ta fizge ta ƙara wani wanda ya fi na farko. Kafin in kai hannu ga sirdi dogarai sun cika ƙofar gidan.

Suka kora mu dandali. Gari duk ya taru, gugunan mata a zube, rabinsu laka. A bakin rijiyar wani tsoho siriri yana tsaye da doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle a kafaɗa. Shi ne Sarkin Awo Mijinyawa, alƙalin garin, kuma shi kaɗai aka ɗauke wa aikin dariya. Ya zura igiyarsa ya jawo, ya duba inda ta jiƙe, sannan ya dube ni. Babu mugunta a fuskarsa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ya ce, "Baƙo, wace irin halitta ce wannan?"

Na durƙusa. "Ranka ya daɗe, taguwa ce. A ƙasarmu suna da yawa."

"Duk haka suke kuka?"

"Ba kuka ba ne, ranka ya daɗe, maganarsu ke nan. Wannan da ka ji ma ƙoshi ne ya sa ta."

"In tana jin yunwa yaya take yi?"

Na ce, "Haka."

"In an doke ta fa?"

"Haka, sai dai ya fi tsawo."

"Yaya sunanta?"

Na so in ƙirƙiro wani, amma Gaje tana tsaye a gaba-gaba kuma ta ji ina kiranta. Na ce, "Mita."

"Kai ka sa mata?"

Na sunkuyar da kai. Mita kuwa, don kada a ce an bar ta a baya, ta ƙara wani gurnanin, ruwa ya sake ja da baya muna ji.

Sarkin Awo ya ce, "Kada ka ɗauke mu mahaukata. Kafin kakanninmu su gane halin rijiyar nan, mai ƙarfi shi ke da gaskiya a garin nan, an binne mutane a kan gardamar katanga. Rijiya kuwa ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san bara ba. Kukan jaki da na attajiri ɗaya ne a wurinta. A ƙasarku wa ke sauraron kukan jaki?"

A ƙasarmu kuwa sanda ce ke sauraronsa.

Ya ci gaba. "Mutum in kuka ya zo masa, ya je kwari ya gama ya dawo. Akuya in an ƙyale ta takan yi shiru. Wannan kuwa da bakinka ka faɗa, a taɓa ta kuka, a ƙyale ta kuka. Halittar da ranta duk wahala ne, raba ta da shi taimako ne. In mun kore ta ma, wahalar muka kora inda ba ma ji, ba mu rage ta ba. Ga kuma talakawan garin nan, akwai waɗanda suka yi aure suka haihu ba su san ɗanɗanon nama ba. A ja ta kwari a yanka. Ita ta huta, su su ji daɗi, ruwa ya dawo. Wa ya yi asara?"

Na ce, "Ni."

"Gaskiya ne. To, a auna ka."

Aka tsayar da ni a bakin rijiyar aka ce in yi kukana. Jama'a, ni mutum ne da ko a jana'izar ubana ba a ji muryata ba, haka aka rene mu. Ƙirjina cike yake, amma na buɗe baki babu abin da ya fito. Na ga mahauta sun fara warware igiyoyinsu. Sai na ɗora hannu a ka na kwarma ihu irin na 'yan wasa, na yi birgima a ƙasa, na kira sunan uwata. Sarkin Awo ya zura igiya. Ruwa ya sauka taƙi ɗaya.

Sarkin Fawa, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya juya ga taron ya ɗaga wuƙarsa. Kalma ɗaya ya faɗa: "Nama." Dandalin ya ɗauka da sowa, kuma wannan karon ba ta gayya ba ce, ta gaske ce, har cikin idanunsu. Ruwa ya taso yana tafasa ya hau fiye da tsawon gaba guda. A cikin masu sowar na hango Gaje, ba ta buɗe baki ba, amma ta ɓoye akushi a bayan zanenta. Ban ji haushinta ba. Na ga ƙasusuwan wuyanta tun jiya.

Na tashi na karkaɗe rigata. Raina ya ɓaci, tsoro ya ɗan sake ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ihun nan da na yi na ƙarya ne, daga maƙogwaro ya fito, kuma rijiyarka ta karɓa."

"Ashe ba ka baƙin ciki?"

"Ina yi, kamar raina zai fita. Amma na gaskiyar ba shi da murya."

Na ɗauka zai fusata. Sai ya matso kusa da ni ya rage murya, yadda taron ba zai ji ba. Ya ce, "Na sani, na daɗe da sani. Ranar da uwar 'ya'yana ta rasu ko tari ban yi ba, rijiya ta ce ban rasa komai ba. Amma in na jefar da igiyar nan yau, gobe wuƙa ce za ta yi shari'a. Ba ni wani mudun in ajiye wannan. Kana da shi?"

Ni da na ƙetare Farin Fili don in ga mudu, ga shi ana roƙona mudu. Na girgiza kai.

Ya ja da baya ya ɗaga murya. "To, ga hanya ɗaya. Kai ka fi kowa sanin dabbar nan. Ka rantse da Wanda ya halicce ka cewa daɗin ranta ya fi wahalarta yawa, in sake ku yanzu."

Na buɗe baki da sauri, don me ya fi wannan sauƙi? Sai na dube ta. Na ga tabon sirdi a gefen tozonta inda gashi ya daina fita, na ga hujin akala a hancinta. Na tuna yadda take birgima a rairayi bayan ruwan farko, ƙafafu a sama, ba kunya. Na tuna tafiyar da take yi rana a ka, kaya a baya, zuwa wuraren da ba ta da kowa a can. Wanne ya fi yawa? Idanunta manya, masu dogon gashi, suna kallon wani abu a bayan kaina, ba su gaya mini komai ba. Na yi ƙarya a kasuwa, na yi wa Gaje jiya, na yi wa rijiya yanzu, amma in kira sunan Allah a kan abin da ban sani ba, harshena ya ƙi motsi.

Na ce, "Ban sani ba."

Taron ya yi ajiyar zuciya. Sarkin Fawa ya yi wa mutanensa alama, suka nufo ta da igiya, ɗaya ta gaba, biyu ta baya. Ta fara ja da baya tana zazzare ido, irin yadda take yi in ta ji warin kura. A nan dabara ta faɗo mini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku dakata. Kun tambayi rijiya, kun tambaye ni, ita ba ku tambaye ta ba. Kun ce a garin nan kowace halitta tana da hakki. Bakinta kun kasa ganewa, ni ma na kasa, amma tana da ƙafafu. A cire mata akala da sirdi, a buɗe ƙofar gari, a bar ta ta nuna abin da take so."

Ya daɗe yana murza igiyarsa. A raina ina cewa ko ta ina na ci: in ta zo wurina mu tafi tare, in ta fita in bi ta in kama abata a bayan ganuwa. Na manta da wanda nake magana da shi.

Ya ce, "Na yarda. A zuba harawa da dusa a bakin hanyar kwari, mahauta su tsaya can. Kai ka tsaya nan, hannu a baya, ba kira, ba fito, ba motsi. A buɗe ƙofar gabas. Inda ta gurfana nan ta zaɓa. In wurin abinci ne, ta mahauta ce. In wurinka ne, ku tafi lafiya. In kuwa ta fita, to ba ta kowa ba ce, har da kai. Za ka rantse ba za ka bi sawunta ba, ba za ka fita ta ƙofar da ta fita ba, har ƙarshen ranka. In ba haka ba, ai ba ita muka tambaya ba."

Gabas nan ne gida, kuma ba mai ƙetare Farin Fili sai da irinta. Amma wuƙar Sarkin Fawa tana walƙiya, kuma ina da abin da ba su sani ba: ɗan gutsuren kanwa a aljihun ƙirjina, wanda nakan ba ta ta lasa in mun sauka zango. In ta ji warinta ko cikin barci take sai ta zo. Wannan rantsuwar a kan abin da na sani ce, don haka na yi ta a gaban jama'a.

Da hannuna na zare mata akala, na kwance sirdi na ajiye. Na koma inda aka ce na haɗa hannuwa a baya. Aka hana kowa magana, har masu dariyar unguwa aka tsayar, abin da ba a taɓa yi ba. Dandalin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan zabuwa can nesa.

Mita ta tsaya a tsakiya, tsirara, ta girgiza jikinta ƙura ta tashi. Ta juya wuya hagu, ta juya dama. Sai ta kama hanyar harawa.

Tana tafe tana rangaji, ba gaggawa, mahauta suna ja da baya suna ba ta wuri. Ta isa tarin ta sa baki, ta ciko ta riƙa tauna. Na san halinta, in abinci ya yi mata daɗi gurfana take yi ta ci a natse. Na ga gwiwarta ta gaba ta fara lanƙwashewa. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini. Kira ɗaya zai tashe ta, amma kiran nan ne zai ba su ita, don na karya sharaɗi ke nan. Sarkin Fawa ya matso taki guda don ya gani da kyau, iska ta kaɗa rigarsa ta aiki. Ban san abin da Mita ta shaƙa a jikin rigar ba. Gwiwar ta miƙe, ta hura hanci, ta juyo.

Ta nufo ni. Na ji ƙafafunta a ƙasa, na ji warinta da na saba da shi tun ƙuruciyata, har inuwarta ta rufe ni. Ta sauko da kanta ta hura mini numfashi a fuska. Leɓen nan nata ya bi wuyan rigata, ya sami aljihun, ya zaro kanwar. Ta tauna ina jin ƙarar a kunnena. Sannan ta ɗora haɓarta a kafaɗata, da nauyinta duka, ta bar ta a nan. A zuciyata ina ta cewa, gurfana, 'yar nan, gurfana, don Allah gurfana. Hannuwana suna ƙaiƙayi a bayana. Da na ɗora ɗaya a wuyanta na danna kaɗan, da ta sauka, haka muka saba.

Ta ɗaga kai. Ta shinshina aljihun sau ɗaya kuma, ta ga babu saura. Sai ta raɓa ta gefena, gashin cikinta ya shafi hannuna, ta bi titin ƙofar gabas. Mutane suka dare mata. Ba ta waiwaya ba, ba ta yi ruri ba, kuma ban taɓa ganin ta yi tafiya mai tsawon haka da lafiyarta bakinta a rufe ba. Ta shige ƙarƙashin ƙofar, ta fita fili, jan jikinta ya yi ta ƙanƙancewa a kan farin gishiri har ido ya kasa riƙe shi.

Ba wanda ya motsa. Masu akushi, waɗanda suka zo jiran nama, suna riƙe da akushinsu. Hawaye suna bin gemuna, ban san sanda suka fara ba, kuma ko kaɗan ba su yi ƙara ba. Na yi murna ta tsira, murnar da ban taɓa yin irinta ba, na kuma ji an rarake mini ciki.

Al'adar garin ce a rufe kowace shari'a da shela, a faɗa ko an ci riba ko an yi asara. Sarkin Awo ya zura igiyarsa ya jawo. Ruwa yana nan inda yake, bai hau ba, bai sauka ba. Ya sake zurawa, haka. Ya daɗe yana duban jiƙaƙƙen ƙullin, jama'a suna jiransa. Sai ya tako wurina.

Ya ce, "Baƙo, taimake ni. Me zan gaya musu? Daɗi aka samu yau ko wahala?"

Na ce, "Nata, ko nawa, ko na masu akushi?"

"Ko na mutum ɗaya ma."

"Ranka ya daɗe, ko zuwan da ta yi wurina ban san na mene ne ba. Akwai kanwa a aljihuna."

Ya dube ni, ya dubi aljihun da ta jiƙa da yawu. Bai kira dogarai ba. Ya naɗe igiyarsa ya rataya a kafaɗa, ya ratsa taron ya tafi gida, ranar ba a yi shela ba.

Na bar wa Gaje sirdin ta yi makamashi da shi. Ta raka ni har mararraba, ta ƙulla mini ƙosai a ganye. Daga nan ana hango ƙofar gabas a buɗe, ga sawun Mita a kan ƙura, manya, a jere, sun miƙe sak ta inda garinmu yake. Ko gida ta nufa, ko daji, ko dai nesa da ni kawai take so, Allah ne ya sani. Na tsaya na kalle su iyakar abin da zan iya, sannan na juya musu baya na fita ta ƙofar yamma da ƙafa, kuma yamma na yi ta yi har ƙasa ta ƙare mini a bakin ruwan nan.

Nan hikayata ta tsaya. Abin da na gani na faɗa, abin da ke cikin cikinta kuwa yana wurin Wanda ya rufe shi.